MAƘOƘO: ABIN DA MASU MAGANIN INDIYA SUKA LURA DA SHI

Ya kai mai gida, ka karanta wannan, sa'an nan ka karanta wa iyalinka.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wani ɗan nama, likitoci suna ce masa tairoid. Shi ke sarrafa zafin jiki da girman yaro. Ba ya aiki sai da aidin. In aidin ya gaza, sai ya kumbura. Kumburin nan shi ne maƙoƙo.

Mutanen Indiya sun daɗe da sanin cutar. A ilmin maganinsu na gargajiya, watau Ayurveda, sunanta galaganda. Littafin Susruta ya kasa ta uku: ta iska, ta majina, da ta kitse. Suna gasa wurin, su shafa magani, wani lokaci su fid da jini. Susruta ya kuma ce ruwan kogunan da ke gangarowa daga duwatsun Himalaya yana kawo ta.

To, ya lura da gaskiya: a can cutar ta yi yawa. Amma ruwan ba shi da dafi. Ƙasar wurin ce ba ta da aidin, don haka ruwa da amfanin gona duk ba su da shi. A 1956 likitocin Indiya suka fara gwada gishiri mai aidin a kwarin Kangra, maƙoƙo ya ragu ƙwarai. A 1962 gwamnatinsu ta kafa shirin yaƙi da cutar. Nijeriya ma ta wajabta sa aidin a gishiri a 1993.

Haɗarin ya wuce kumburi. Mace mai ciki in ta rasa aidin, tana iya yin ɓari, ko ta haifi ɗa kurma, ko wanda ba ya girma, ba ya gane karatu. Babba yana bukatar maikrogiram 150 a rana, mai ciki 250. Ɗan kaɗan ne, amma kullum a ke bukatarsa.

Ga abin da za ku yi:

1. Ku sayi gishirin da aka rubuta yana da aidin.
2. Ku ajiye shi a rufe, nesa da murhu da laima, don aidin yana gudu.
3. Ku jiƙa rogo, ku dafa shi sosai. Wanda bai jiƙu ba yana ƙara maƙoƙo.
4. Kada a bar wanzami ya tsaga wuya ko ya yi sakiya. Akwai manyan jijiyoyin jini a wurin.
5. Wanda wuyansa ya kumbura ya tafi asibiti. Ba kowane maƙoƙo ne na rashin aidin ba. In akwai rama, da bugun zuciya, da rawar hannu, ko kuwa kasala da yawan jin sanyi, sai likita ya auna jini.

Ku tuna, rigakafi ya fi magani.