Karen Azawak da Yadda Ake Kiwonsa

Karnukan farauta iri biyu ne. Akwai masu bin sawun nama da hanci, akwai kuma masu hango shi da ido su bi shi da gudu. Karen Azawak yana cikin iri na biyu. Ya samo sunansa daga kwarin Azawak, wanda ke tsakanin ƙasar Nijar da Mali, inda Buzaye suke kiwonsa tun zamanin kakanni.

Yaron Ɗan Isa, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, wanda ya taɓa ganin siraran karnukan mafarauta, ba zai sha wuyar gane siffarsa ba. Dogo ne, mai dogayen ƙafafu da faffaɗan ƙirji da shafaffen ciki. Tsayin namiji daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai santimita 64 zuwa 74, amma nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, har wanda bai sani ba ya ce yunwa ce ta kama shi, alhali kuwa halittarsa ke nan. Wannan rashin nauyi shi ke ba shi gudu, har yakan yi wajen kilomita 60 a awa guda. Da haka yake cim ma zomo da barewa a fili.

Halinsa kuwa, kare ne mai riƙon amana. Yana son ubangidansa da mutanen gidan ƙwarai, amma ba ya sakin jiki da baƙo. Saboda haka Buzaye suke sa shi tsaron zango da dabbobi. Ba ya jure duka da tsawa. In an cika dukansa, sai ya zama matsoraci, ko kuwa mai cizo. Da lallashi ake horar da shi, tun yana ɗan kwikwiyo. A saba masa da yara da awaki da kaji tun da wuri, don duk abin da ya ruga a gabansa ransa yakan ba shi ya bi. Karen da bai sami wannan horo ba shi ke kashe akuyar maƙwabci, ya jawo wa maigida shari'a.

Abincinsa a wurin Buzaye gero ne da nono, da abin da ya samu na nama. Yana bukatar ruwa mai tsabta da inuwa, da fili inda zai yi gudu kowace rana. In aka ɗaure shi wuni da kwana, sai ya lalace. Gashinsa gajere ne, ba shi da kitse, don haka zafi bai dame shi ba, amma sanyin hunturu yana wahal da shi. Sai a shimfiɗa masa buhu a wurin da iska ba ta bugawa. In ya dawo daga daji a duba ƙafafunsa saboda ƙaya, a cire masa kaska.

Abu mafi muhimmanci shi ne allurar ciwon hauka. A kai shi wurin malamin dabbobi yana ɗan wata 3, a kuma riƙa sabuntawa kowace shekara. Ana yin wannan magani a Vom, kusa da Jos, inda aka kafa ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi a 1924. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, gama in ciwon ya bayyana a jiki ba ya warkewa.

An fara kai wannan kare Turai wajen 1970, yau kuma har Amurka ana kiwonsa. Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma sai in ya sami kulawa tun yana ƙarami.

Tambayoyi

1. Ina ne asalin karen Azawak?
2. Don me ba a horar da shi da duka?
3. Me ya kamata wanda kare ya ciza ya yi?