Aikin Hannu da Hutun Zuciya

Jama'a, gajiya iri biyu ce. Akwai ta manomin da ya wuni yana huɗa, wanda da ya ci tuwo ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa sai barci, da asuba ya tashi garau. Akwai kuma ta mutumin da ko buhu ɗaya bai ɗauka ba, amma ya wuni yana lissafin kuɗin haya da kuɗin makaranta da bashin mai shago, ga shugabansa a ofis ya ɗaure masa fuska. Shi wannan in ya kwanta gangar jiki ce kawai ke kan katifa, zuciya tana can tana saƙa da warwara har a kira assalatu. Saboda masu irin wannan gajiya ta biyu aka rubuta takardar nan.

Ya kamata mu fara sanin abin da damuwa ke yi wa jiki, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka a zuci kaɗai take tsayawa. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka ƙarama. Idan mutum ya firgita, ƙwaƙwalwa takan aika mata da saƙo, sai ta zubo wasu sinadarai cikin jini, waɗanda likitoci ke kira adirinalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya hau, jiki ya ɗaure. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kumurci a gona, don da ita zai yi tsalle ya tsira, kuma da macijin ya wuce sai jiki ya koma daidai. To, amma bashi ba ya wucewa kamar maciji. Mai tunaninsa dare da rana jikinsa kullum a shirye yake da gudun da ba zai yi ba. Daga nan ake samun ciwon kai, da rashin barci, da ɓacin ciki, da saurin fushi da iyali, kuma mai hawan jini nasa ya daɗa ta'azzara.

Sai wani ya ce, ai maganin gajiya hutu. Haka ne, amma wane irin hutu? Wanda ya zauna shiru ya naɗe hannu, ya ba tunani fili ne ya yi kiwo yadda ya ga dama. Wanda ya ɗauki waya yana latse-latse kuwa, sau da yawa damuwar mutanen duniya yake kwasowa ya ɗora a kan tasa. Zuciya ba ta iya zama babu abin riƙo. Dabara ita ce a ba ta wani abu mai daɗi ta riƙe, wanda zai ci hankalinta amma babu fargaba a cikinsa.

Dubi mai ɗinkin hula. Allura ta shiga nan ta fita can, yana ƙirga gida-gida, yana lura kada zare ya kauce wa zane, yana tunanin ko shuɗi ne zai bi bayan ruwan goro. Muddin yana wannan ƙirga ba shi da wurin ajiye lissafin bashi, don hankali ba ya ɗaukar ƙirga biyu a lokaci guda. Motsin hannun nan mai maimaita kansa yakan sa numfashi ya lafa, kafaɗu su saki. Ga kuma wani abu da ya fi wannan: yawancin abubuwan da ke damunmu ba a hannunmu suke ba, tsadar hatsi ce, ko jinyar wani, ko albashin da bai zo ba. Hula kuwa a hannunka take. In ka ɓata ka warware ka sake, in ka gama ka ɗaga ta ka ce ni na yi wannan.

Kakanninmu ba su san sunan kotisol ba, amma gidajensu cike suke da wannan magani. Bayan sallar lisha tsohuwa za ta jawo taskirarta da mazari, ta shafa alli a yatsa tana kaɗi, jikoki sun kewaye ta ana gatanan gatananku. Matan gida in sun gama girki sai saƙar faifai da tabarma. A Birnin Zariya har gobe za ka ga maza a zaure sun baza babbar riga a cinya suna fitar da aska takwas, ana ɗinki ana hira. Almajiri mai kyan hannu yakan ɓata kwanaki yana zayyanar allon sauka da tawada launi-launi. Gaskiya ne da yawansu don neman na cefane suke yi, amma tare da na cefanen suna samun natsuwar da mu muka yar, tun da muka koma sayen komai a kanti.

Likitocin zamani ma sun shaida amfanin abin. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin da suka dawo daga fagen fama a gigice an riƙa koya musu saƙar kwando da sassaƙa da ɗinki a asibitocin Ingila da Amurka, kuma daga wannan zamani ne jinya ta hanyar aikin hannu ta kafu ta zama fanni mai zaman kansa. A nan Nijeriya, cikin 1954, Dokta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti tare da danginsu, ana ba su magani, ana kuma sa su ayyukan hannu maimakon a kulle su a ɗaki. Shi kansa Winston Churchill, da aka sauke shi daga shugabancin ma'aikatar sojan ruwa ta Ingila a 1915, baƙin ciki ya rufe shi, sai ya kama zanen hotuna. Kafin ya mutu ya zana fiye da 500.

To me ke hana mu? Babban abin da na gani shi ne girman kai da muka lulluɓe da sunan gado. A ƙasar Hausa sana'a gado ce, saboda haka ma'aikacin gwamnati yakan ji kunyar a gan shi yana kwaɓa yumɓu ko yana yanka fata, kada a ce ɗan wane ya koma dukanci. Ba cewa aka yi ka canja asali ba, malam. Sa'a guda ce za ka ara daga wani gida ka huta da ita. In ma kunyar ta yi yawa, ai akwai rubutun waƙa, da ƙaga labari, da kyautata rubutun ajami, da renon fulawa a tsakar gida, waɗanda ba wanda zai ce ba gadonka ba ne.

Na biyu shi ne son mayar da kome kasuwa. Da mace ta saƙa wa jaririnta hular sanyi mai kyau, sai maƙwabta su ce ai wannan kuɗi ne, ki riƙa yi kina sayarwa. Neman halal abu ne mai kyau, amma a lura: ranar da aka karɓi kuɗin mutane aka sa musu rana, abin ya tashi daga hutu ya koma wani sabon bashi. Wanda ke son ya sayar ya sayar da abin da ya riga ya gama, ko kuwa ya ware wani aiki guda wanda nasa ne shi kaɗai, ba mai jiransa.

Wajen farawa kada a yi dogon shiri. Ƙyalle da allura da zare kala uku sun isa, ko littafin rubutu da fensir. A nemi wanda ya iya a unguwa, tsofaffi suna jin daɗi a tambaye su. A tsai da lokaci, ko da rabin sa'a ne tsakanin la'asar da magariba, a ajiye waya a ɗaki. Na farko zai fito a karkace, a bar shi haka nan, ba gasa ake yi ba. Magidanta kuma, in kun ga uwargida ta zauna da saƙarta, kada ku ce ba ta da aikin yi ku ɓullo mata da wani aike. Wadda ta wuni tsakanin murhu da wanki da kukan yara ta fi kowa bukatar wannan rabin sa'ar.

Sai dai a sani, allura ba ta biyan bashi, kuma ba kowace damuwa take ɗauka ba. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da ya daina burge shi, ko ya fara jin gara ya mutu, wannan ciwo ne, likita yake bukata, kuma ba abin kunya ba ne. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano, da Maiduguri, kuma likitan babban asibitin garinku zai iya dubawa ya tura mutum inda ya dace. Danginsa su raka shi, kada a bar shi ya tafi shi kaɗai. In za a fita a sa masa hula da allura a aljihu, don layin ganin likita yana da tsawo.