Darasi na 14: Cittar Kagoma da Sufeton Kayan Jirgin Ruwa

A karanta wannan bayani da kyau, sannan a amsa tambayoyin da ke biye.

Garin Kagoma yana cikin Ƙaramar Hukumar Jama'a, a kudancin Jihar Kaduna, kan hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Kwoi. Tsakaninsa da teku akwai tafiya mai nisa. Duk da haka, arzikin manoman wannan yanki yana da alaƙa da jiragen ruwa, kuma dalilin wannan alaƙa shi ne citta. Ƙasashen Jama'a da Jaba da Kachia da Kagarko su ne cibiyar noman citta a Nijeriya. Bayan damina manoma sukan haƙe ta, su tsaga, su shanya a iskar hunturu, sannan su ɗura a buhu. Daga nan 'yan kasuwa suke saye, su kai ta ƙasashe irin su Indiya da Maroko da Holan.

A shekarar 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya ratsa Kafanchan zuwa Kaduna, ya zama hanyar fitar da amfanin gona zuwa bakin teku. A yau yawancin citta a tirela take tafiya zuwa tashar jiragen ruwa ta Apapa da ke Legas. Akwai kuma tashar tsandauri da aka buɗe a Kakuri, cikin Kaduna, a 2018, inda ake iya shirya kaya a kwantena tun daga Arewa.

Mai sayen citta a Holan bai taɓa ganin gonar da aka noma ta ba. Kamfanin inshora, wanda ya yi alkawarin biyan diyya idan kaya suka lalace a hanya, shi ma bai gani ba. Saboda haka suna bukatar wanda zai zama idonsu, mutumin da ba ya goyon bayan mai saye ko mai sayarwa. Wannan mutum shi ne sufeton kaya. Sana'a ce mai tarihi. Tun a 1811 kasuwar inshora ta Lloyd's da ke Landan ta fara naɗa wakilai a tashoshin jiragen ruwa na duniya, domin su riƙa aiko da labarin jirage da kayan da suka lalace. Kamfanin SGS kuwa, wanda yake aiki a Nijeriya a yau, ya faro ne a 1878 da duba hatsi a tashar Rouen ta Faransa.

Aikin sufeto na farko yana zuwa ne kafin a yi lodi. Yakan ƙirga buhuna, ya auna nauyinsu a sikeli, ya ɗebi samfur daga buhuna dabam-dabam, na sama da na tsakiya da na ƙasa. Yana neman tsakuwa da ƙasa da ƙwari da fumfuna. Abin da ya fi damunsa shi ne danshi. Yawanci masu saye ba sa karɓar busasshiyar cittar da danshinta ya wuce kashi 12 cikin 100, domin danshi ne yake kawo fumfuna, wata fumfunar kuma tana haifar da guba mai cutar da hanta.

Idan ya gama da citta, sai ya koma kan kwantena. Yakan shiga ciki, a rufe ƙofa. In ya hangi haske ko da kamar bakin allura ne, ya san ruwa zai iya shiga ta wurin. Yakan kuma sunsuna, domin citta tana ɗaukar warin fenti ko na man fetur. Bayan an yi lodi, sai a rufe ƙofa da hatimi mai lamba, ya rubuta lambar, ya ɗauki hotuna, ya ba da takardar shaida.

Aikinsa na biyu yana zuwa ne idan an buɗe kwantena a ƙasar waje aka tarar da ɓarna. A nan tambaya ɗaya ce a gabansa: daga ina ruwan ya fito? Yakan ɗiga wani sinadari da ake haɗawa da azurfa a kan ruwan da aka jiƙa tsumman buhun a ciki. Idan ruwan ya yi fari kamar an zuba madara, akwai gishiri, wato alama ce ta ruwan teku. Idan bai sauya ba, to ruwan sama ne, ko kuma abin da ake kira gumin kwantena. Yadda gumin yake faruwa shi ne: jirgi ya bar zafin Legas ya shiga sanyin Turai, ƙarfen kwantena ya yi sanyi, tururin da ke fita daga citta ya taru a rufi, ya riƙa ɗigowa kan buhunan sama.

Amsar wannan tambaya ita ce take nuna wanda zai ɗauki asara. Inshora tana biyan ɓarnar da haɗari ya jawo daga waje, kamar gobara, ko nutsewar jirgi, ko shigar ruwan teku, gwargwadon yarjejeniyar da aka ƙulla. Amma ba ta biyan ɓarnar da ta taso daga aibin kayan kansu, ko daga rashin ɗaure su da kyau. In rahoton sufeto ya nuna cewa tun farko citta ba ta bushe ba, ɗan kasuwa ne zai yi asara. Shekara mai zuwa zai karya farashi, ko ya ƙaurace wa kasuwar da ya sayo ta, asarar kuma ta dawo kan manomi. A daminar 2023 wata cuta ta lalata gonakin citta masu yawa a kudancin Kaduna, mutanen yankin sun san zafin rasa amfanin shekara guda. Cuta ba a hannun manomi take ba, amma shanya a hannunsa take. Wanda ya shanya cittarsa a kan tabarma ko daɓe mai tsabta, ya bari ta bushe ƙayau kafin ya ɗura a buhu, ya rage wa kansa asarar da inshora ba za ta biya ba. Hausawa sun ce, rigakafi ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi

Diyya: kuɗin da ake biyan wanda ya yi asara.
Samfur: ɗan abin da aka ɗiba don a gane ingancin sauran.
Danshi: laimar da ta rage a jikin abu.
Fumfuna: furfurar da ke fitowa a kan abinci in ya ji laima.
Tashar tsandauri: tashar kayan jirgin ruwa da aka gina nesa da teku.
Aibi: illa ko nakasa.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙananan hukumomi huɗu ne suka shahara da noman citta?
2. Me ya sa mai saye da kamfanin inshora suke bukatar sufeto?
3. Don me sufeto yake shiga kwantena a rufe ƙofa?
4. Bayyana yadda gumin kwantena yake faruwa.
5. Wace irin ɓarna ce inshora ba ta biya?

Nahawu

Idan ba a son ambaton wanda ya yi aiki, akan yi amfani da an, ana, aka ko za a. Misali: Manoma sun shanya citta. An shanya citta. Mayar da waɗannan jimloli haka:

1. Sufeto yana auna buhuna.
2. Leburori za su yi lodi gobe.
3. Kamfani ya biya diyya.

Aikin Gida

Ka ɗauka kai sufeto ne. An buɗe kwantena, buhunan sama sun jiƙe, na ƙasa kuwa a bushe suke, kuma ba a sami gishiri a ruwan ba. Rubuta rahoto na jimla takwas, ka faɗi abin da ka gani da abin da kake zaton ya jawo ɓarnar.