Darasi: dafuwar kaza da dabino lokacin ɗari

Jama'a, ɗari ya shigo. Jiki yana son abinci mai gina shi, mai ɗumama shi. A ƙasar Maroko ana dafa kaza da busassun ƴaƴan itace, ana ce wa abincin tajin. Kayan haɗinsa akwai su a kasuwanninmu. Ya dace da ranar salla ko ranar suna.

Abin da za a tanada: kaza 1, albasar Galmi 3, dabino 10, lemun tsami 1, mai cokali 3, citta, kanumfari, masoro da gishiri.

Yadda ake yi:

1. A yanyanka kaza, a shafe ta da lemu da gishiri. A wanke hannu da sabulu.
2. A soya albasa, a sa nama da dakakken kayan yaji.
3. A zuba ruwa rabin lita, a rufe, a rage wuta. A bari awa 1.
4. A cire ƙwallon dabino, a zuba shi, a ƙara minti 15.

Hattara! Lokacin ɗari ciwon kaji yakan yi yawa. Kada a yanka kaza marar lafiya. Nama ya nuna har ƙashi, ba sauran jini.

Iyaye, yara su ne masu girma. A ba su tsoka, ba kai da ƙafafu kaɗai ba.

Tambaya: don me ba a yanka kaza marar lafiya?