Yadda Ake Haɗa Kiɗa Ba Takarda

Da zarar an gama yankan gero, duk daren Asabar bayan isha'i wasu magidanta biyar a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta sukan haɗu a gindin darbejiya su yi kiɗa. Ba maroƙa ba ne, ba a yi musu liƙi. Manoma ne, ɗaya ma tela. Mun je mun zauna da su don mu gano yadda kiɗansu ke daidaita alhali ba wanda ke cewa ga waƙar da za a yi.

Ashe duk sun haddace tsofaffin waƙoƙi iri ɗaya, musamman na Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Mai kalangu ne ke farawa. In ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, in ya sassauta ya sauka, sai ka ji kamar kalangun na magana, nan take sauran su gane waƙar. 'Yan amshi ba sa canja amshi. Mai waƙa kuwa yakan sako sunan wanda ya fi kowa dami bana, ko ya yi wa rago zambo.

Malaminmu ya ce haka masu kiɗan jaz suke yi, kiɗan da baƙar fata suka faro a New Orleans ta Amurka: a ɗauko sananniyar waƙa, kowa ya yi mata nasa ado.

Abin da ya dame mu, ƙaraminsu ya haura shekara arba'in. Mu waya kawai muke kunnawa. Da mai kalangu ya miƙo mana makaɗi, ba wanda ya iya riƙe shi daidai.