Alƙalami da Zane: Darasi daga Sarkin Musulmi Bello

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1781-1837) bai bari mulki ya raba shi da binciken ilmi ba. Ya wallafa littattafai kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. A shekarar 1824, da Baturen Birtaniya Clapperton ya iso Sakkwato, Bello ya zana masa hanyar kogin Kwara a kan rairayi. Wancan zane ya daɗe da gushewa, amma taswirar da aka yi a takarda an buga ta a Landan a 1826, har yau ana nazarinta.

Saboda haka, ya kai ɗalibi, in ka tsinki ganyen dogon yaro a Minanata, zana shi, ka bayyana siffarsa, ka sa kwanan wata.