Zango bakwai ne a hannunki, 'yata

'Yata, babanki ya gaya mini kin shiga SS1. Barka, Allah ya sanya albarka. Ya ce yau ki ce likita za ki zama, gobe ki ce lauya. Ba laifi ba ne, haka ƙuruciya take. Amma tunda a koyarwa na ƙare ƙarfina har na yi ritaya, bari gwaggonki ta gaya miki abin da ba a cika gaya wa yara ba sai lokaci ya ƙure.

Kina ganin shekara uku ce a gabanki. Zauna mu ƙirga. SS1 zango uku, SS2 zango uku, sai zangon farko na SS3. Daga nan kuma sai guje-guje. A farkon shekara ake buɗe rajistar JAMB, a rubuta ta wajen watan Afrilu, WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, NECO ta ɗora har cikin Yuli. Tsakaninsu ga cike fom, ga ɗaukar hoto, ga dangwala yatsa. Zango bakwai ke nan na karatu cikin natsuwa, kuma kin riga kin fara cin na farko. Masu jira sai sun shiga SS3 su ruga lesin na wata uku, Bahaushe ya gama magana a kansu: ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu mafi nauyi da za ki yi a wannan zango shi ne zaɓen ɓangare, kimiyya ko adabi ko kasuwanci. Yara da yawa ƙawa suke bi, ko kuma su ji an ce ajin kimiyya na masu ƙoƙari ne, su cusa kai don kada a raina su. To ki sani, kowane kwas a jami'a yana da darussan da yake nema, kuma ba ya karɓar uzuri. Mai son likitanci ko harhaɗa magunguna, Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji za ta rubuta a JAMB. Mai son injiniya, Lissafi ne zai maye gurbin Bayoloji. Mai son lauya kuwa, yawancin jami'o'i sai sun ga kiredit a Adabin Turanci. Na sha ganin yarinya ta fito da sakamako mai kyau, ta zo da murna za ta cike lauya, a duba a ga ba ta taɓa zama ajin Adabi ba, don makarantarsu ba malamin darasin, kuma ba wanda ya ce mata komai. Tana tsaye da takardarta a hannu tana kuka, mu ma ba abin da za mu iya yi mata. JAMB tana da kundin da ta jera kowane kwas da darussansa da jami'o'in da ke koyar da shi, yana nan a intanet kyauta. Ki karɓi wayar babanki ki duba shi tun yanzu, ki kwafe abin da ya shafe ki a bayan littafinki.

Kiredit biyar ake nema, wato daga A1 zuwa C6. D7 da E8 an ci, amma ba sa buɗe ƙofar jami'a. Turanci dole ne ga kowa, Lissafi kuma ba makawa ga mai son kimiyya ko injiniya ko ilimin zamantakewa. Akan yarda a haɗa sakamakon zama biyu, misali WAEC da NECO, sai dai kwasa-kwasai irin likitanci jami'o'i da dama a zama ɗaya suke so.

Bari in daɗe kaɗan a kan Turanci, don nan ne yaranmu suka fi zubewa. Ba rashin kai ba ne. Yarinyar da ta haddace izu talatin ba za a ce mata daƙiƙiya ba. Abin da ke faruwa shi ne, a gida Hausa, a layi Hausa, a aji ma malami ya rubuta da Turanci ya yi bayani da Hausa, sai ranar jarrabawa a ajiye mata dogon rubutu a ce ta karanta ta taƙaita. Sau da yawa ta san amsar tambayar Bayoloji, tambayar ce ba ta gane ba. Maganin wannan ba ya samuwa a wata uku. Ki riƙa karanta shafi biyu ko uku na Turanci kullum, labari ne, tsohuwar jarida ce, duk abin da ya zo hannu. Ki ware ƙaramin littafi na sababbin kalmomi. Duk mako ki rubuta wasiƙa ko insha'i guda ki kai wa malaminku ya gyara, ko da bai ba da aikin ba. Malami na gari daɗi yake ji. Kuma ki buɗe baki ki yi magana a aji. Za a yi miki dariya, a ce kina iyayi. Ki bar su. Ban ce ki yar da Hausarki ba, ita ma darasi ce a WAEC da JAMB, kuma ana yin digiri har na uku a kanta a Bayero da Zariya da Sakkwato.

Sauran darussan kuwa, kin riga kin san hanya tun daga Islamiyya. Hadda ba ta zama sai da muraja'a. Abin da aka koya ranar Litinin, ki waiwaye shi kafin Juma'a, ki sake waiwayarsa ƙarshen wata. Littattafan rubutunki na SS1 kada ki bari a naɗe ƙosai da su, domin tambayoyin WAEC da JAMB daga manhajar shekaru ukun gaba ɗaya ake ɗebo su. Gwajin aji ma kada ki raina, makaranta na tura makinsa ga hukumar jarrabawa. A wasu jihohi, kamar Kano, akwai jarrabawar tantancewa a SS2 wadda da ita gwamnati ke zaɓen waɗanda za ta biya wa kuɗin jarrabawar fita. Wannan sauƙi ne babba ga aljihun babanki.

JAMB kanta, tun 2015 a kwamfuta ake yin ta. Tambaya 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, maki 400 gaba ɗaya. In kin raba, daƙiƙa 40 kowace tambaya ta samu. Ki kwatanta yarinyar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ran nan: agogo na raguwa a saman allo, hannunta na rawa a kan linzami, tana neman inda za ta danna ta wuce gaba, na kusa da ita har ya kai tambaya ta ashirin. A 2024, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka rubuta ba su kai maki 200 ba. Saboda haka a hutun SS1 ko na SS2 ki roƙi babanki ya sa ki koyon kwamfuta ko na 'yan makonni ne, sannan ki riƙa amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gefenki.

Akwai kuma maganar takardu, wadda ita ce ta fi ba ni haushi don ba ta da alaƙa da ƙoƙarin yaro. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Sunan da ke jikin NIN shi zai bi ki. In can an rubuta Aishatu, a makaranta Aisha, a takardar haihuwa kuma A'isha, ko ranar haihuwa ta sha bamban, to kin sayi wahalar zirga-zirga da rantsuwa a kotu. Ki sa a daidaita su tun bana. Ranar rajista kuma, kada ki miƙa wa mai shagon kwamfuta takarda ki koma gefe kina hira. Ki tsaya a kansa ki karanta kowane layi kafin ya tura. Layin wayar da aka yi rajista da shi a adana shi, da shi za a yi ta aiki har ki samu gurbi. Shekarun shiga jami'a kuma 16 ne, ba amfanin tsallaken aji.

Za ki ji ana raɗe-raɗin makarantun da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Kada ki ko kalli wajen. Haramun ne, wannan ɗaya. Na biyu, hukuma kan riƙe sakamakon cibiya sukutum, mai laifi da marar laifi. Na uku, wadda ta shiga da A1 na aro a Kimistiri, ajin farko na jami'a zai tona ta.

Kada kuma ki ɗaure zuciyarki a ƙofa ɗaya. Jami'o'in tarayya kan raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari ga mafiya maki, 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Wannan na taimakon 'yan Arewa, amma guraben likitanci da lauya kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai. In ba a dace a karon farko ba, akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, wadda ke kai mutum aji biyu kai tsaye. Akwai kwalejin ilimi, akwai foliteknik, akwai makarantun jinya da ungozoma, kuma asibitocinmu na kukan rashin mata ma'aikata. Ɗalibaina da dama ta NCE suka bi, yau suna da digiri.

Babanki kuma zan yi magana da shi da kaina, a rage miki aike da wanke-wanke bayan Isha'i, a fara tara kuɗin rajista tun yanzu ko da ta adashi ne. In an yi hutun ƙarshen zango ki zo mini da katin sakamakonki da takardar haihuwarki da ta NIN, mu baje su a tabarma mu duba tare. Ki gaida mamanki. Allah ya yi miki albarka.